Kunkurun da aka sayar a matsayin abin wasa

A shekarun 1950 da 1960, duk yaron da ya shiga kantin kayan araha a Amurka zai iya fitowa da ɗan kunkurun ruwa a kan 'yan sulalla. Kore ne shar, bai cika tafin hannun yaron ba, da jan zane a bayan kowane ido kamar an shafa masa jan-baki. Ana haɗa shi da kwanon roba mai ɗan tsibiri a tsakiya, da bishiyar kwakwa ta roba a tsaye, da gwangwanin busassun ƙwan tururuwa a matsayin abinci. Akasarinsu ba sa kai shekara a wannan kwano.

Wannan kififiya mai jan kunne 'yar asalin kwarin kogin Misisifi ce da fadamun kudancin Amurka. Da farko masunta ne ke tono ƙwanta a bakin ruwa suna sayarwa. Daga baya manoman jihar Luwiziyana suka haƙa tafkuna suka kewaye da shinge, suka mayar da kiwonta sana'a. Kafin a shiga shekarun 1970, ana sayar da 'ya'yanta kimanin miliyan 15 duk shekara a Amurka kaɗai.

Sai likitoci suka lura yara na ta kwanciya da zazzaɓi da gudawa. Da aka bi sawu, aka tarar da ƙwayar salmonela, wadda kunkuru ke ɗauke da ita a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba. Yaro ya taɓa shi ya kai hannu baka, ko uwa ta wanke kwanon inda take wanke kwanukan abinci, shi ke nan. An ƙiyasta mutum 280,000 ke kamuwa ta wannan hanya duk shekara. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da duk kunkurun da ƙoƙon bayansa bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, girman da ya fi ƙarfin bakin yaro.

Dokar ba ta hana fitarwa waje ba, don haka manoman suka juya akala zuwa Turai da Asiya. Daga 1989 zuwa 1997 an fitar da fiye da miliyan 52. Kasuwar ta ƙara buɗewa da fim ɗin Teenage Mutant Ninja Turtles na 1990, lokacin da yaran Ingila suka tasa iyayensu gaba sai an saya musu irin kunkurun da suka gani a matsayin jarumai.

A daidai wannan lokaci masu kiwo suka fara gane abin da ke kashe dabbar. Kunkurun ruwa ba ya wuni cikin ruwa. Yana hawa kututture ya shanya jikinsa a hantsi, kuma da wannan haske jikinsa ke sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. In babu shi, ƙoƙon baya ya yi laushi, idanu su kumbura, ya daina ci. Saboda haka kwanon roba ya ba da wuri ga babban akwatin gilashi mai dakalin hawa, da fitila biyu a samansa, ɗaya ta ɗumi, ɗaya mai maye gurbin hasken rana. Aka ƙara na'urar tace ruwa, domin kunkuru a ruwan yake ci, a nan kuma yake kashi. Masu kiwo suna lissafin kusan lita 40 na ruwa ga kowane inci na ƙoƙon baya, ga ganye da ake ƙara masa yayin da yake girma.

Da aka iya riƙonsa, sai wata matsalar ta ɓullo. Abin da aka saya kamar kwabo yana kai santimita 30 idan mace ce, yana kuma iya rayuwa shekara 30. Yaron da ya yi kuka aka saya masa ya girma ya bar gida, akwatin ya yi kaɗan, ruwan na wari. Mutane suka riƙa ɗaukarsa a bokiti suna juyewa a tafkunan shaƙatawa da magudanan Landan da Faris da Tokyo. A wurare da dama ya ƙwace wa kunkurun gida wurin shan hantsi da abinci, har ya shiga jerin halittu 100 mafiya ɓarna a ƙasashen da ba nasu ba. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, a 2016 kuma ta hana sayarwa da kiwatawa.

Japan, inda aka daɗe ana sayar da shi a rumfunan bukukuwa, ta yi jinkiri saboda tsoron kada hani ya sa kowa ya zubar da nasa rana ɗaya. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 2023 ta hana shigowa da sayarwa da saki a ruwa, amma ta bar mai kunkuru ya ci gaba da riƙon abinsa har ya mutu. Wanda aka kama ya saki nasa zai iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3.