Gadon Wuta da Kaskon Gawayi: Yadda Kakanninmu Suke Tarbar Hunturu

A ƙarshen watan Disamba na 1823, wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suna cikin ayarin fatake da ya taso daga Kukawa ta Barno ya nufi Kano. Wata safiya suka tashi suka tarar ruwan da ke cikin salkunansu ya daskare don tsananin ɗari. Oudney, wanda dama ciwo ya ci ƙarfinsa, bai ga Kano ba, ya rasu a Murmur kusa da Katagum cikin Janairun 1824. Mun kawo wannan labari ne saboda 'ya'yanmu da suka tashi a Duwala da Yawunde, waɗanda suke zaton ƙasar Hausa ba ta san komai ba sai zafin rana. Ta san sanyi ƙwarai, har ma ta fi jin tsoronsa a kan zafi, domin a likitancin gargajiya babu cutar da ake yawan ɗora wa laifi kamar sanyi.

Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba har Fabrairu, tana ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa. Da rana hazo, da dare jaura. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tsoho ya kasa taɓa ruwan alwala da asuba. Kakanninmu ba su jira ta iso kafin su shirya mata. Tun ran gini tun ran zane, in ji su.

Shirin yakan fara ne da zarar an gama kaka. Damina ta riga ta zaizaye katanga, ta ruɓar da jinka, don haka aikin farko shi ne gyaran ɗaki. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi sabon yaɓe, a toshe duk wata tsaga da ruwa ya buɗe. Mata su yi daɓe, su yayyafa masa makuba ta ɓawon ɗorawa don ya yi ƙarfi. A yanko shuci a yi wa ɗaki sabuwar baibaya, a saƙa zana a kare tsakar gida ta ɓangaren da iska ke shigowa, a rataya asabari ko tufaniya a bakin ƙofa. Karan dawa da na gero da aka sare a gona ba a barin sa ya lalace. A ɗaure shi dami-dami a jingine bayan ɗaki, a tara kirare da gungume kusa da madafa. Sai a fito da gwado da luru daga adaka a shanya, a tanadi man kaɗe don ƙafafun yara.

Abin lura a nan shi ne, ɗakin da kansa shi ne babban abin ɗumama gida. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana tun hantsi, ba ya sakin sa sai dare ya raba, daidai lokacin da ake bukatarsa. Taga ƙarama ce, wani ɗakin ma ba shi da ita. Magini bai karanta wannan a littafi ba, a hannun ubansa ya gada, amma injiniyan yau ba zai iya kushe lissafin nasa ba.

A cikin ɗakin kuma akwai gadon ƙasa, wanda a ganinmu ya fi duk sauran dabarun hikima. Ana gina shi da yumɓu manne da bango, a bar masa rami a ƙarƙashi da 'yar ƙofa a gefe. Bayan an sauke tuwon dare, uwargida ta kwaso garwashin murhu ta zuba a ramin, wani lokaci ta lulluɓe shi da toka don ya daɗe bai mutu ba. Kafin a dawo daga sallar lisha gadon ya ɗauki ɗumi, a shimfiɗa tabarma a kwanta, ya riƙe mutum har asuba. Ba a kashe itace wajen ɗumama iskar ɗaki duka. Jikin mai barci ake nufi, shi kuwa ake samu. Wutar da ta dafa abinci ita ce ta kwana tana aiki na biyu.

Tsofaffi da masu jego su ne suka fi kowa hakki a kan wannan gado. Maijego takan yi kwana arba'in tana wankan ruwan zafi safe da yamma, tana shan kunun kanwa, tana kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, duk don kada sanyi ya shige ta. Gaskiya kuwa ba ta da daɗi a nan: a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka kuma danganta hakan da haɗuwar zafin da ya wuce kima da gishirin kanwa. Ba duk abin da kakanni suka yi ne za mu yi wa guɗa ba. Haka nan gobara: unguwar ɗakunan ciyawa a tsakiyar hunturu, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

A waje kuma wuta ita ce majalisa. Almajirai su yini suna tsintar kara, da dare su kewaye wutarsa da allunansu. Yara su zauna jin ɗumi a gindin kaka ana tatsuniya. Fatake ma da rani suke tafiya, bayan hanyoyi sun bushe, wato cikin tsakiyar ɗari, kuma duk inda ayari ya yada zango abin da ake fara nema bayan ruwa shi ne itace.

Ta wannan hanya ce kakanninmu suka hawo tudun Adamawa a ƙarni na 19, bayan Fulani sun kafa lamidancinsu a Ngaundere da Tibati da Banyo. Sun zo neman hauren giwa da goro, da kuma bayi, wanda bai kamata mu ɓoye ba. Suka tarar da ƙasa mai tsayin kusan mita 1,100 a Ngaundere, inda daren Disamba da Janairu kan sauka zuwa wajen digiri 10, ga ruwan sama da ya ninka abin da suka saba gani a Kano ko Katsina. Soron ƙasa ba ya jure irin wannan damina, sai suka koyi rufin ciyawa mai kauri mai saukowa ƙasa-ƙasa daga Mbum da Fulanin da suka tarar. Wanda ya taɓa shiga zaurukan fadar Lamidon Ngaundere ya ga irin rufin da muke nufi. Kasko da gwado da al'adar jego kuwa, da su suka zo cikin kayansu.

Sannu a hankali kwano ya shigo a zamanin Turawa, ya ƙara yawa bayan jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974. Bulo da siminti suka ture tubali, gadon ƙarfe da katifa suka shiga kayan ɗakin amarya, aka farfasa gadajen ƙasa da magirbi domin a samar musu wuri. Ba ma zargin iyayenmu. Kwano ba ya bukatar baibaya kowace shekara, kuma ba ya kama wuta. Sai dai ɗakin kwano da bulo tanda ne da rana, randa ne da dare. Bangonsa siriri ne, rufinsa yana sakin zafi da zarar rana ta faɗi.

Daga cikin tsoffin dabarun, kasko kaɗai ya tsira, shi ma ya tsira a ɗakin da ba don shi aka gina ba. Garwashi, na itace ko na gawayi, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A ɗakin da, tana zirarewa ta cikin ciyawar rufi da ta gefen tufaniya, shi ya sa haɗarinta ya yi sauƙi. A ɗakin yau akwai silin, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi, mu kuma mukan ƙara da cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo. Gubar tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da mai shi zai ɗauka gajiya ce ko mura, ya ƙara jan bargo. Da yawanmu mun taɓa jin an ce an ɓalle ƙofar wani gida da hantsi, an tarar da iyali kwance kamar masu barci, gawayi ya zama toka a tsakiyar ɗaki. Wani lokaci amare ne, ko masu gadi a 'yar rumfarsu, ko maijego da jaririnta da aka rufe wa ƙofa don ƙauna.

Wasu tsofaffin matanmu a unguwannin Hausawa har yanzu ba su yarda kasko ya kwana a ɗaki. Sukan bar gawayin a tsakar gida sai ya ja ja wur, su shigo da shi a ji ɗumi ƙofa na buɗe, su fitar da shi kafin su tofa addu'ar barci, sa'annan su lulluɓe jikokinsu da gwado biyu.