Wutar da Ke Zuwa ta Hanya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa hawa falwaya a yammacin Katsina ya san wutar Batsari da Safana kamar reshen bishiya take. Daga Kumbotso a Kano take tasowa, ta biyo babban layin kilobolt 132 ta Kankiya zuwa Katsina, a rage ta zuwa 33, sannan a miƙa wa ƙauyuka. In reshe ya karye daga gindi, ganyen da ke gaba sai haƙuri.

Ba rashin sani ya kawo haka ba. Tun zamanin hukumar lantarki ta ECN, wadda NEPA ta gada a 1972, abin da ke gaban injiniya shi ne wuta ta isa gari da kuɗi kaɗan. Layi mai baki ɗaya ba ya cin waya, kuma tsaronsa ba wuya, tunda wutar gaba kawai ta sani. Fiyus da makashi ɗaya sun wadatar. Tsarin raga kuwa, inda gari ke shan wuta ta hanya biyu ko uku, yana son ƙarin turaku da na'urorin da za su gane ɓangaren da matsala ta ɓullo. In babu su, a kashe ta nan, wutar ta zagayo ta can ta tarar da ma'aikaci a sama. Sai dai araha ba ta ado.

Mu ma'aikatan layi muka biya kuɗin arahar nan da ƙafafunmu. Farkon damina iska ta kayar da turke ɗaya, sai mu hau babur mu biyu, muna bin layi turke bayan turke, ido a sama, ana neman tangaran da ya tsage ko reshen darbejiya da ya kwanta kan waya. Mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara suna can suna jira. A da tafiyar yini ce. Yanzu da 'yan bindiga suka mamaye dajin Rugu, wa zai tura yaronsa bin layi bayan la'asar?

Sunayen masu kula da wutar dai sun yi ta canzawa: PHCN a 2005, KEDCO a Nuwamban 2013. Zanen layin bai motsa ba. A Oktoban 2024 ma Arewa ta ɗanɗana abin da Batsari ta saba, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ke lalace, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi, Kano da Katsina suka kwana fiye da mako a duhu.

Ni ban ce a saƙa wa karkara raga irin ta manyan birane ba, kuɗin bai kai ba. A dai haɗa wutsiyar layuka biyu da makunni wanda zai zauna a buɗe, ran da layi ɗaya ya faɗi a rufe makunnin, ɗayan ya ɗauki gari. Masu tsara kasafin Katsina, wannan kaɗai muke roƙo.