DAGA GYARTAI ZUWA FARM CENTRE: TARIHIN GYARA DA TSAWON KWANAN WAYA

A ƙasar Hausa ta dauri, ƙwarya ba ta mutuwa don ta tsage. Akwai mai sana'a da ake kira gyartai, wanda ke zaga unguwanni yana shelar zuwansa. Matan gida su aiko yara da fasassun ƙore, ya huda gefe da gefen tsagar, ya ɗinke, ƙwarya ta koma bakin aikinta. Baduku kan sake ɗinke takalmi, maƙeri kuma ya koɗa bakin fartanya idan ya dakushe. Duk waɗannan sana'o'i sun tsaya ne a kan abu guda: wanda ya yi kaya bai ɓoye yadda ya haɗa su ba, don haka duk mai hannu da haƙuri yana iya kwancewa ya mayar.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka fara kwararowa. Keken Raleigh, keken ɗinki na Singer, agogo da rediyo, kowanne ya zo, kuma ba a daɗe ba ya sami mai gyaransa a bakin kasuwa. Da aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ƙirar 504 ta zama motar da uba ke barin wa ɗa, saboda kanikawa sun san cikinta, kayan gyaranta kuma na nan a irin Kasuwar Ƙofar Ruwa. Kakanninmu da iyayenmu ba su ƙera waɗannan injuna ba, amma sun mallake su mallaka ta gaskiya, domin suna iya buɗe su.

Wayar salula ta shigo ne a kan wannan turba. A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan, layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Wayoyin farko da muka riƙe, irin su Nokia 3310 da Nokia 1100 mai tocila, an yi su ne yadda hannu zai iya da su. Da ɗan yatsa ake zare murfin baya, a cire batir a sa wani. Idan ta faɗi ta tarwatse, mai ita ya tsince sassan ya haɗa, ta kama. Waya ɗaya kan wuce daga yaya zuwa ƙane, daga birni zuwa ƙauye.

A kan haka kasuwannin gyara suka tashi: Computer Village a Ikeja ta Legas, a Kano kuwa Titin Beirut da kasuwar Farm Centre da ke Tarauni. Tsarin koyon bai bambanta da na maƙera da dukawa ba. Yaro ya fara da aike da share tebur, ya kai ga sauya gilashi da bakin caji, sannan maigida ya yarda ya riƙe ƙarfen dalma ya taɓa fanel. Dubban matasa sun yi aure sun riƙe gida da wannan sana'a, ba tare da wata makaranta ta ba su takarda ba.

Sai dai a can inda ake ƙera wayoyin, tunani ya fara sauyawa. A 2007 Apple ya fito da iPhone ta farko, wadda mai ita ba ya iya cire batirinta, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu a hankali. Gam ya maye gurbin noti a wurare da yawa, notin da ya rage kuma aka sauya masa kai zuwa siffar da sukundireba ta yau da kullum ba ta kama shi. Daga baya aka zo da dabarar ɗaure sassa da lambar waya: a ciro gilashi ko batir na asali daga wata waya irinta a sa, ta nuna gargaɗi ko ta kashe wani aikinta, sai kamfani ya amince. Gajarta kwanan kaya da gangan ba sabon abu ba ne. Tun 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗa baki a ƙungiyar Phoebus cewa ƙwai kada ya wuce awa 1,000 yana ci. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu saye ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ma haka ta kasance. Tsofaffin HP da Dell da ThinkPad da ɗalibanmu ke saye na hannu suna da ƙofa a ƙasa, inda ake ƙara ƙwaƙwalwa, a sauya ma'ajiya, a zare batir. A 2012 aka fito da MacBook Pro mai allon Retina, ƙwaƙwalwarta a like da dalma, batirinta a manne da gam, kuma wannan salo ya yaɗu. Sannan ga mutuwa ta hanyar manhaja: ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017. Na'ura lafiyarta ƙalau, amma an yanke mata kwana daga nesa.

Wannan ya fi shafar mu fiye da Bature, domin mu ne masu riƙo na biyu da na uku. Abin da wani ya ajiye bayan shekara biyu ko uku, shi ne ɗan kasuwarmu ke rubuta bashinsa a ciki, ɗaliba ke rubuta kundin kammala karatunta, uwa ke adana muryar ɗanta da ke ci-rani. Idan ba ya gyaruwa, ba mu sayi kaya ba, mun sayi sharar wani ne. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma matattu ne tun a jirgi. Ƙarshensu hannun 'yan jari-bola, waɗanda wasunsu ke ƙona wayoyin wuta don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai guba. Ba mu manta da gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988 ba, wadda tana cikin abubuwan da suka kai ga Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991.

Abin lura shi ne, masu ƙerawar sun fara komawa kan hikimar gyartai da ƙarfin doka. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa waya da kwamfuta makin sauƙin gyara daga cikin goma. Daga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta ce sai an samar da kayan gyaran waya har shekara bakwai bayan daina sayar da ita, da sabunta manhajarta na aƙalla shekara biyar. Waɗannan dokoki an yi su ne don kasuwarsu, kuma ba su tilasta wa kowa ya kawo kayan gyara na asali Kano ko Maradi ba.

Saura namu. NCC, wadda ke tantance kowace irin waya kafin a sayar da ita a Najeriya, tana iya sa samar da kayan gyara cikin sharuɗɗanta. Ƙungiyoyin masu gyara na iya tsaftace sana'arsu daga masu sa jabun kaya da masu leƙen sirrin mutane, domin amana ita ce jarin gyartai. Mu kuma masu saye, kafin mu tambayi ƙarfin kyamara, mu tambayi nawa ne gilashinta, ana samun batirinta, shekara nawa ya rage a daina sabunta ta. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da hannunmu ba ya iya buɗewa, ko mun biya kuɗinsa, aro ne muka karɓa, kuma mai shi ne zai faɗi ranar da zai karɓe.