Tsargiya da Ciwon Hanta a Ƙasar Misira

Duk wanda ya nazarci tarihin ƙasar Misira zai tarar cewa kogin Nilu, wanda Allah ya sanya shi sababin arzikin mutanenta tun kafin zamanin Annabi Yusufu, shi ne kuma ya yi ta renon wata cuta da ta daɗe tana cin manomansu a ɓoye, wato tsargiya. Hujjar daɗewarta kuwa ta bayyana a 1910, sa'ad da wani malamin ɗibbu mai suna Marc Armand Ruffer ya binciki ƙodar wasu gawarwaki biyu da aka busar tun zamanin Fir'aunoni, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ya iske ƙwayayen tsutsar da ke kawo cutar a maƙale, sun sandare.

Ita kanta tsutsar ba a yi ido huɗu da ita ba sai a 1851, a asibitin Ƙasrul Aini na Alƙahira, inda wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya same ta kwance cikin jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta. Abin mamaki a sha'aninta shi ne, ita uwar ba ta cika yin ɓarna ba. Ƙwanta ne musiba. Domin nau'in da ke zaune a jijiyoyin hanji, idan ya saki ƙwai, jini kan kwashi wani kaso ya kai hanta, ƙwan ya toshe ƙananan hanyoyi, jiki kuma, garin kare kansa, ya yi ta naɗe kowane ƙwai da tabo, shekara bisa shekara, har jini ya rasa mashiga, ya koma da baya, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, wata rana jijiyar maƙoshi ta fashe, mutum ya yi ta aman jini. A 1904 likita Symmers, da ya tsaga irin wannan hanta a Alƙahira, ya siffanta fararen jijiyoyinta masu kauri da karan lofen yumɓu, kuma har yau da wannan siffa likitoci ke kiran ciwon.

Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a can Misira cewa dodon koɗin ruwa ne masaukin tsutsar, daga cikinsa 'ya'yanta ke fita su huda fatar mai ban ruwa ko yaro mai iyo. Amma ilmin ya zo a makare, gama an riga an gina madatsar Aswan ta farko a 1902, magudanan da a da suke bushewa da rani sun zama ba sa rabuwa da ruwa, dodon koɗin kuwa ya samu matsuguni. Haka kuma aka sake gani a gonakin audugar Jazira ta Sudan bayan madatsar Sinnar ta 1925, inda Hausawa da yawa, mahajjata masu neman guzuri, suka yi ƙwadago.

Magani na farko daga Hartum ya fito a 1918, a hannun likita Christopherson, allura ce mai ɗaci da ake yi a jijiya, mai sa amai da jiri. Da ita hukumar Misira ta yi yaƙin gama-gari a ƙauyuka daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, ana jera manoma sahu-sahu, kowa sai ya sha allura 12 zuwa 16, da sirinjin gilas wanda sau da yawa ba a dafa shi yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. Niyya kyakkyawa ce, ba shakka, sai dai ta wannan ƙofa ciwon hanta nau'in C ya shiga gidaje, har wata ƙidaya ta 2008 ta nuna kusan kashi 15 cikin 100 na baligan ƙasar suna ɗauke da alamarsa a jini. Hanta ɗaya, ke nan, ta haɗu da masifa biyu. Tsargiya ba ta bar ko mashahurai ba: mawaƙi Abdul Halim Hafiz, da ya ɗebo ta yana yaro a ƙauye, da ciwon hanta ya rasu a Landan a 1977, yana da shekara 47.

Da ƙwayar firazikwantal ta yaɗu a shekarun 1980, kashe tsutsa ya zama abu mai sauƙi, a haɗiya a rana ɗaya. Mas'alar da ta rage ita ce tabon, domin wanda ya tsufa a hanta ba ya cika gushewa don tsutsa ta mutu. A nan ne masu bincike, a Alƙahira da kuma jihar Bahiya ta Barazil, suka juya ga ɓargon ƙashi, inda akwai wasu ƙwayoyin halitta na tushe waɗanda ba su riga sun ɗauki siffa ɗaya ba, kuma suna fitar da sinadarai masu kwantar da kumburi da sassauta tabo. Suka sa wa ɓeraye tsargiya, suka jira hanta ta lalace, sa'an nan suka zuba musu ƙwayoyin, aka kuwa ga tabon ya ragu.

Wannan bushara ce ta haƙiƙa, amma bushara ce ta ɓeraye, kuma ƙasar da ta ɗanɗana sakamakon gaggawa a allurar jijiya ta fi kowa cancantar yin tahƙiƙi kafin ta zuba wani abu a jinin talakawanta. Har yanzu wannan hanya ba ta zama tabbataccen maganin tsargiyar hanta ga ɗan Adam ba. Saboda haka, mai karatu, idan wani ya yi maka tallarta da kuɗi mai yawa, ka riƙe dukiyarka; idan kuwa yaronka mai wanka a kududdufi ya fara fitsarin jini ko bayan gida da jini, ka kai shi asibiti a ba shi ƙwaya tun hanta tana da lafiya.