Daga Tabarmar Zarɓa zuwa Ɗakin Shanya: Tarihin Busar da Dabino a Oman

Dabinon da ya bushe da kyau yana iya shekara a buhu bai lalace ba, amma fa sai ruwan jikinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari ko kusa da haka. In ya wuce nan da yawa, zaƙin da ya kamata ya tsare shi, shi ne zai jawo masa tsami da funfuna. Ɗanyen dabino mai gardi, wanda ya yi ja ko ruwan ɗorawa, kusan rabinsa ruwa ne. In ya fara laushi, ruwan kan ragu zuwa kamar kashi 35 ko 40. Sauran da ya rage a fitar, a nan ne manomi ke cin riba ko ya tafka asara.

A wuraren da iska ta bushe ƙayau, dabino kan ƙarasa bushewa a kan bishiyarsa. A Oman abin bai zo da sauƙi haka ba. Ƙasar tana da zafi mai tsanani, amma yankin Batina da ke bakin teku cike yake da danshi a watannin da dabino ke nuna. Wanda ya bar nonon dabinonsa a sama yana jira, sai ya tarar ya fashe ko ya zube yana tsami. Dole a sauke shi da sauran laushinsa, a ƙarasa aikin a ƙasa. Mutanen wannan sashe na ƙasashen Larabawa kuwa ba jiya suka san dabino ba: a tsibirin Dalma na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an tono ƙwallayensa masu shekara kusan 7,000. A Oman kanta, dabino ya mamaye kusan rabin ƙasar da ake nomawa, yana shan ruwan tsoffin magudanan nan da ake kira aflaj.

Hanyar kaka da kakanni ita ce shanya. Ana share fili a daddaɓe shi, a shimfiɗa tabarmin da aka saƙa da zarɓa, a baza dabino ba tare da wani ya hau kan wani ba. Daga nan sai gadi. A juya shi, a tsince wanda ya ruɓe, a kori tsuntsaye da awaki, kwana biyar, bakwai, wani lokaci fiye da haka. Rina da ƙudaje ba sa jin kora. Iska ta taso ta yayyafa masa rairayi, dabino kuwa mai danƙo ne, abin da ya manne masa ya manne ke nan. Da dare raɓa ta sauka ta mayar masa da wani ɓangare na ruwan da rana ta sha wahalar fitarwa.

Mutanen yankin Sharƙiyya na Oman, a garuruwa irin su Bidiya da Ja'alan, sun daɗe da wata dabara da suke kira tabsil. Akwai nau'in dabino mai suna Mabsali da ba sa jira ya yi laushi. Tun yana ruwan ɗorawa ake sare nonon, a tsige 'ya'yan, a zuba su cikin manyan tukwanen tagulla a tafasa, da busasshiyar zarɓa a matsayin makamashi. Sai a kwashe a kai fili a shanya na kwanaki har ya yi tauri. Aikin gayya ne na tsakiyar bazara, maza da mata da yara, kuma Indiya ce babbar kasuwarsa tun da daɗewa. Tafasawar tana tsayar da nunar, ta kashe ƙwari, ta kuma sa rana ta yi saurin gama nata aikin.

Kasuwa ce ta sa busarwa ta zama abin kula sosai. A 1840 jirgin ruwan Sarkin Oman mai suna Sultana ya isa birnin Niyok na Amurka, kuma akwai dabino cikin kayan da ya ɗauko. A ƙarni na 19 nau'in Fard na kwarin Sama'il ya yi suna a Amurka saboda yana jure doguwar tafiya a teku. Amma mai saye na wannan zamani ya fi na da tsantseni: yana buɗe kwali, yana duba launi, yana tsaga ƙwaya ya ga ko akwai tsutsa. Hayaƙin maganin mesil buromaid da aka daɗe ana kashe ƙwarin rumbu da shi kuma, yarjejeniyar Mantiriyal ta sa an daina amfani da shi, ƙasashe masu tasowa aka ba su wa'adin 2015. Ya zama wajibi a hana ƙwaro shiga tun daga wurin shanya.

Mafitar wannan matsala ba ta taso daga gonar dabino ba. A shekarun 1960, wani injiniya mai suna Lawand na Cibiyar Bincike ta Brace a Jami'ar Makgil ta Kanada ya gwada wani akwatin shanya a Siriya. Akwati ne da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, aka rufe samansa da gilashi a karkace, aka huda ƙofofin iska a ƙasa da sama. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da ta yini a rana da gilasanta a rufe ya san sirrin: haske na shiga, zafi ya kasa fita. Iska mai zafi ta ratsa 'ya'yan itacen, ta ɗebi danshi, ta fice ta sama. A shekarun 1980 masana a Jami'ar Hohenhaim ta Jamus suka faɗaɗa tunanin. Suka yi doguwar rumfa ƙasa-ƙasa mai faɗin mita 2, lulluɓe da leda mai jure rana. Kashi na farko baƙin daɓe ne da ke dumama iska, kashi na biyu shi ne wurin shanya, sai ƙananan fankoki da farantin sola ke juyawa. Hikimar da ke ciki tana da daɗi: in rana ta ƙwalle zafi ya ƙaru, fankar ma gudunta ke ƙaruwa, don haka zafin bai cika wuce kima ba.

Wannan samfurin ne masu bincike a Jami'ar Sultan Ƙabus suka ƙera, mai tsawon mita 12, suka gwada shi da dabino. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna cewa ruwan jikin dabino kusan kilo 190 ya sauka daga kashi 33 zuwa ƙasa da kashi 19 cikin kwana biyu, aikin da kan ci kwana biyar zuwa bakwai a fili.

Daga tsakiyar shekarun 2000 kuma, cibiyar ICARDA mai binciken noma a busassun yankuna ta haɗa kai da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kan wani shiri na bunƙasa dabino. Cikin abubuwan da shirin ya yaɗa akwai ɗakin shanya na folikabonet, wato wata roba mai tauri da haske ke ratsawa. Mutum na shiga ciki a tsaye, ya jera dabino a kan tirori masu raga, fanka na zuƙe danshi waje, ƙofofin iska kuma an toshe su da raga don ƙudaje. Dabinon kan fito da tsabta da launi mai kyau. Sai dai ɗakin na buƙatar ido. In zafi ya haura digiri 70, sukarin da ke ciki ya soma ƙonewa, dabino ya yi baƙi, fatarsa ta saki. Manomin da ya kulle ƙofa ya tafi a tsakiyar Yuli ba tare da fanka na aiki ba, dafaffen dabino zai dawo ya tarar.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Yawancin gonakin dabino a Oman ƙanana ne, kuma kakar dabino 'yan watanni ce. Mai bishiyoyi ƙalilan zai yi lissafi sau biyu kafin ya gina ɗakin da zai zauna fanko sauran shekara, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa gwajin da Jami'ar Sultan Ƙabus ta yi na busar da lemun tsami da kifi a irin rumfar Hohenhaim yake da muhimmanci ƙwarai, domin busasshen lemun tsami tsohuwar haja ce a Oman. Rumfar da za ta yi aiki kaka biyu ko uku, ko wadda maƙwabta za su haɗa kuɗi su yi karo-karo a kanta, ita ce ƙaramin manomi zai iya ɗauka. Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi, tun da a 2009 Sarkin Oman na lokacin, Ƙabus, ya ba da umarnin dasa dabino miliyan ɗaya.

Manoman dabino na Dutse a Jigawa, inda hukumar NIFOR ke da tashar bincike kan dabino, da na kudu maso gabashin Nijar, sun san irin wannan matsala ta wata fuskar. Dabinonsu kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, kuma zubi ɗaya yana nuna ne daidai lokacin da damina ta kankama. Abin da danshin teku ke yi wa dabinon Batina, shi ruwan Yuli da Agusta ke yi wa nasu. Kayan da rumfar Hohenhaim ke buƙata kuwa, leda mai kauri da katako da raga da fanka da farantin sola ɗaya, duk ana sayar da su a kasuwannin Kano da Damagaram.