Daga Uwar Adashi Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Tsaya Wa Matan Ribah?

Mu da muka tashi a Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, bankin farko da muka sani mace ce. Uwar adashi ake ce mata. Ranar kasuwa da yamma, mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli da mai daddawa kowace za ta aiko yaro da zubinta a ƙulle cikin tsumma. Wadda kwasa ta zo kanta sai ta sayi buhun gyaɗa da kaka, ko ta ɗaure akuya. Idan haihuwa ko jinya ta taso wa wata, sai a roƙi mai kwasa ta yi musaya da ita. Ba takarda, ba sa hannu. Jinginar da ake riƙewa ita ce mutuncin mace: an san gidan ubanta, an san na mijinta, kuma wadda ta ci kuɗin adashi ba ta sake shiga taron biki da sakin fuska.

Amma adashi yana da iyaka, domin abin da mace ta zuba shi za ta kwasa. Mai son injin markaɗe dole ta nemi wata ƙofa, kuma ƙofar banki takardar gida ko ta fili take tambaya, abin da ba kasafai yake ɗauke da sunan mace ba.

Gwamnatoci sun sha gwada buɗe wannan ƙofa. A 1987 Maryam Babangida ta kafa shirin Better Life domin matan karkara. A 1989 aka kafa People's Bank, wanda ke ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ba, 'yan ƙungiya su tsaya wa juna. Wato dai dabarar uwar adashi ce aka sa wa rigar gwamnati, sai dai ma'aikacin banki bai san gidan uban kowa ba, wasu masu karɓa kuma suka ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. A 2000 aka narkar da bankin cikin bankin manoma. Sai ga tsarin ƙananan bankuna na Babban Bankin Najeriya a 2005, sai TraderMoni a 2018 da nairarta dubu goma. Kowane ya zo da ganga, kaɗan ne suka zauna.

Abin da ya tura matanmu cikin harkar waya ba wayar da kai ba ne, wahala ce. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace. Mai waina tana kallon mai saye, mai saye yana nuna mata waya. Wadda ba ta da lambar asusu sai ta koma gida da kayanta, ko ta bayar bashi. Ga kuma 'yan bindiga da suka sa tafiya da kuɗi a jiki zuwa kasuwar Bena ko Zuru ta zama kasada. Sunaye irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin tsofaffin da ba su taɓa taka banki ba.

A nan ne muke ganin sabon abu na gaske. Masu ba da rance ta waya ba sa tambayar takardar fili. Shigi da ficin kuɗi a asusu suke dubawa, kamar yadda M-Shwari ta fara a Kenya a 2012 bisa tarihin cinikin mutum a M-Pesa. Cinikin da mace ke yi kullum zai iya zama shedarta.

To amma asusun wa? A lokacin ƙarancin kuɗin, mata da yawa lambar miji suka bayar, ko ta ɗa, ko ta mai POS na bakin kasuwa, saboda ba su da BVN ko NIN, wasu ma wayar ba tasu ba ce. Mace na iya shekara biyu tana sayar da man gyaɗa, amma a idon na'ura ɗanta ne ɗan kasuwa, shi za a yi wa tayin rance. Ita ko ba ta taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba.

Wadda ta buɗe nata ma ba ta gama tsira ba. Akwai kuɗin ruwa, wanda da yawa ke gudu saboda addini. Akwai kuma manhajojin da ke aika wa duk lambobin da ke wayar mai bashi saƙon tozarci idan ta makara, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a Maris na 2022. Su ma kunya suka riƙe jingina, irin ta adashi, amma babu wanda za a je wa a ce yaro ne ba lafiya, a ɗaga mako guda.

Uwayen adashi kuwa suna nan. Wasunsu yanzu ta waya suke karɓar zubi, a turo musu hoton rasit, su duba, sannan su ja layi a littafi.