Tarihin wani gwaji: yaushe yaro ke gane cewa wani na iya yin zaton da ba daidai ba?

A shekarar 1983 ne Heinz Wimmer da Josef Perner suka fito da gwajin da ya mamaye wannan fanni na ilimin halayyar yara. Ana ba yaro labarin Maxi, wanda ya ajiye cakulan a wani wuri ya fita. A bayan idonsa uwarsa ta sauya wa cakulan ɗin mazauni. Sai a tambaya: in Maxi ya dawo, ina zai nema? Ɗan shekara uku yakan nuna inda cakulan yake yanzu, domin a ganinsa abin da ya sani kowa ya sani. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yake nuna wurin farko.

Abin da ya dame mu a nan shi ne: wannan ma'auni na ɗan Adam ne, ko kuwa na ɗan Turai?

Da fari amsar ta zo da sauƙi. A 1991 Jeremy Avis da Paul Harris suka kai gwajin wurin Baka, mafarautan dajin kudu maso gabashin Kamaru. Wani babba ya dafa ƙwallon mangwaron daji, ya ajiye ya tafi, yaro ya ɓoye shi a wani wuri. Manyan yaran suka amsa daidai kamar takwarorinsu na Turai, aka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da saura. A 2006 Henry Wellman da abokan aikinsa suka nuna cewa yaran Sin kan fara gane "wanda bai gani ba bai sani ba" kafin su gane cewa ra'ayin mutane na saɓawa, alhali yaran Amurka akasin haka suke bi; a 2011 aka sami tsarin Sin a Iran. A 2013 kuma Andreas Mayer da Birgit Träuble suka tarar yawancin yaran Samoa ba sa cin gwajin sai wajen shekara takwas, a yankin da ake ƙyamar faɗin abin da ke zuciyar wani.

Mu a namu ganin, gwajin ya haɗa abu biyu: fahimtar yaro, da sabonsa da amsa wa babba tambayar da babban ya riga ya san amsarta, wadda ɗabi'a ce ta lakwal. (Mai niyyar kai shi ƙauyukan Maraɗi ya tuna da kunya: shirun yaro gaban baƙo ladabi ne.) Hujjarmu kuwa ita ce, a 2013 ɗin dai, da Clark Barrett da abokansa suka bar dogaro ga amsar baki suka lura da inda yaro ke kai ido, a wurin Shuar na Ekwado da Salar na Sin da mutanen Fiji, sai ƙananan yaran suka yi daidai da na Turai.